Mu da Makarantar Bayan Gari

A garinmu sau ɗaya a shekara muke tunawa muna da makarantar sakandare. Ba ranar komawa daga hutu ba ce. Ba kuma ranar taron iyaye da malamai ba ce, don wannan taron in aka cika benci biyu har godiya firinsifal yake yi. Ranar gasar gidaje ce, wadda yara ke ce wa intahaus. Ran nan kam kowa uba ne, har wanda bai san ajin da ɗansa yake ba.

Tun da hantsi ake fito da manyan riguna daga ƙasan akwati. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba na haya, janareta na tari, lasifika na shaƙewa. Hakimi a tsakiya, dagatai dama da hagu, sai wakilin ciyaman, wakilin jami'in ilimi na shiyya, wakilin ɗan majalisa. Mu dai wakilai ba su taɓa yanke mana ba, masu aiko su ne ba mu cika gani ba. Mai rake da mai awara da mai ƙanƙara sun kewaye fili. 'Yan acaɓa sun jera babura sun hau kai, su ne alƙalan wasan da ba wanda ya naɗa. A yi fareti, a yi gudun mita ɗari, a yi na miƙa sanda, a yi na buhu, a ja igiya. Can wajen la'asar sai a zo kan abin da ya tara mu: gudun iyaye. Nan za ka ga dattijo ya naɗe babbar riga ya cire hula ya ba jikansa, ya zabura kamar da gaske, kafin rabin fili ya dafe ƙugu yana neman wanda zai kama shi. Dariyar wannan ita muke ci har sati.

Daga nan sai a miƙa wa manyan baƙi makirfo, a shiga alƙawari. Wannan ya ɗauki nauyin ƙwallaye, wancan zai ɗinka wa 'yan wasa riguna, wani ya ce daga yau shi ne uban Koren Gida har abada. A yi tafi, maroƙi ya wasa shi, malamin wasanni ya rubuta a littafi. Littafin nan yana nan a ofis. Duk shekara shafi ake ƙara masa, ba a taɓa soke layi ɗaya ba.

Makarantar tamu ta jeka-ka-dawo ce, irin wadda kusan kowace gunduma take da ita yanzu. Tana bayan gari, a gonar da dagaci ya yanka ya bayar. Dattawa na tuna yadda abin ya faro: a 1976 gwamnatin Obasanjo ta kawo shirin firamare na kowa da kowa, aka kwashi yara aka zuba a aji, da suka gama sai aka rasa inda za a kai su, don makarantun kwana ba za su ɗauke su duka ba. Sai aka shiga buɗe na jeka-ka-dawo a karkara. Da aka sake kawo shirin ilimin bai-ɗaya a 1999, ƙananan sakandare suka ƙara yawa. Alheri ne babba, ba mai musu. Ɗan talaka da a da sai an kai shi wani lardi da akwatin ƙarfe, yanzu da keke yake zuwa, ko da ƙafa.

Amma akwai abin da ya faɗi a hanya ba mu lura ba. Gidajen nan da muke yi wa ihu, Ja da Kore da Shuɗi da Rawaya, ko Sardauna da Ɓalewa da Murtala da Ɗanfodiyo, gadon makarantar kwana ne. A can yaro a gidan yake kwana, a ciki yake tashi, shugaban gida ya san tarinsa. In an tashi daga aji aka ci abinci aka ɗan huta, yamma ta makaranta ce: yau fili, gobe ƙungiya, jibi gona. Haka aka yi tun daga Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta zama Barewa, inda Sardauna Ahmadu Bello ya koyi wasan fayif, ƙwallon nan da ake buga wa bango da tafin hannu, ya riƙe shi har ya zama Firimiya. A tamu kuwa, da an kaɗa ƙararrawar tashi, malamai sun hau babura sun nufi birni don kada mota ta wuce su a bakin titi, yara sun watse ƙauyuka. Yammar yaro ta dawo hannunmu, mu iyaye. Abin da muke yi da ita kuma, to, shi ne zancen.

Ku zo majalisar mai shayi da daddare ku ji. In aka ce yaro ya tsaya makaranta bayan an tashi, tambayar farko ita ce, "Karatu ne ko wasa?" In aka ce ƙungiya ce, shi ke nan an yanke hukunci.

"Ni fa, Malam, boko na kai shi," in ji wani maƙwabcina. "In surutu ne, uwarsa ma ta isa ta koya masa."

Yana nufin ƙungiyar muhawara. Yaron nasa ne aka zaɓa ya kare cewa malami ya fi likita amfani, ya kwana uku yana zagaya tsakar gida yana gaida shugaban taro da alƙalai da mai duba lokaci da Turanci, awaki na kallonsa. Batutuwan ba sa canzawa, tun zamaninmu su ne: zaman ƙauye ko zaman birni, makarantar kwana ko ta jeka-ka-dawo, ilimin 'ya mace ko na ɗa namiji. Muna yi musu dariya, muna cewa haddar aku ce. Wani lokacin ma haddar ce. Sai dai ranar da baƙi suka zo daga jiha duba rijiyar burtsatse, aka ce wani ya tashi ya faɗi koken gari, duk manyan rigunan nan sai kowa ya shiga gyaran hula. Yaron da aka ce ya koyi surutu shi aka tura wa takarda. Ya tashi ya yi gaisuwa daki-daki, ya jera buƙatu ɗaya, biyu, uku, ya zauna. Uban nasa har yau in ana zancen sai ya ce, "Ai jinina ne." Mun manta cewa Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa ma a zauren tattaunawa na Bauci suka wasa harshe a shekarun 1940, kafin su tsaya gaban Turawa. Tsayawa gaban jama'a ba tare da gwiwa ta yi rawa ba abu ne da ake koya, kuma ba a koyonsa a kan allo.

Ƙungiya ɗaya ce ba ma jayayya da ita, ta ɗalibai Musulmi, wadda kowa ke ce wa MSS. In yaro ya ce can zai tsaya, har addu'a ake bin sa da ita. Rannan wani malami mai ritaya ya gaya wa majalisa cewa a Legas aka kafa ta a 1954, kuma ɗaliban Yarbawa ne suka faro ta, sai da aka yi shiru na ɗan lokaci, don da yawanmu mun ɗauka daga Sakkwato ta fito. Su ne ke share masallacin makaranta, su jera butoci, su shirya wa'azin Alhamis da kacici-kacicin addini. Daga cikinsu ake tsamo masu zuwa musabaƙar Alƙur'ani, wadda ake hawa daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ta ƙasa da jami'ar Sakkwato ta fara shiryawa a 1986. 'Ya'yan Kiristocin da ke tare da mu, na ma'aikatan asibiti da 'yan sanda da na unguwannin da ke da coci, su ma suna da tasu, FCS, wadda ta samo asali daga Gindiri a 1957. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, a waɗannan ƙungiyoyin yaro ke fara zama amir ko amira, sakatare ko ma'aji. A nan yake fara rubuta abin da aka tattauna, ya karɓi naira hamsin-hamsin ya rubuta sunan mai bayarwa, ya tashi ƙarshen zango ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. Akwai wata yarinya 'yar unguwarmu da ta riƙe asusun 'yan mata shekara biyu, ranar da za ta sauka ta kawo littafi da canji a ƙulle a leda, har naira goma ba ta ɓace ba. Malamai suka yi ta mamaki, mu kuwa ko a jikinmu.

Wadda ta fi shan zagi ita ce ƙungiyar matasa manoma. Nan kam majalisa ba ta da wasa.

"Yallaɓai, ka ji min zance! Ni da aka haifa a kunya, ɗana ne za a koya wa noma? Wa zai koya masa, malamin da ko fartanya bai iya wasawa ba?"

"Ba ma wannan ba, Alhaji. Gyaɗar da suka noma bara, wa ya ci?"

Wannan tambaya ta biyu ba ta taɓa samun amsa a kowace makaranta ba, tun zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976 da aka ce kowace makaranta ta yi gona. Kuma malamai ma suna da nasu laifin. Yaro in ya makara, a ba shi lauje. In ya yi surutu, a kai shi gona. Wanda aka saba yi wa horo da noma, yaya za a ce ya shiga ƙungiyar noma don sha'awa? Duk da haka, inda aka dace da malamin gona na ƙwarai, abin da yara ke kawowa gida ba kaɗan ba ne. A gonar makaranta yaranmu suka fara ganin irin masara da wake da gyaɗa na cibiyar binciken noma ta Samaru, masu nuna da wuri. A can suka ga ana auna tazarar shuka da igiya, ana binne taki a gindin shuka maimakon a watsa shi rana ta cinye. A can aka nuna musu buhun nan mai ruɓi uku da ake ajiye wake a ciki ba tare da an zuba magani ba. Wanda ya yi rantsuwa ba za a koya wa ɗansa noma ba, bana da igiya ya yi shuka. In ka tambaye shi sai ya ce dabararsa ce tun da can.

Ƙungiyar kimiyya da ƙere-ƙere kuwa, wadda ake kira JETS, rayuwarta a hannun kofa take. Tun da Janar Gowon ya kafa hidimar ƙasa a 1973, makarantun karkara da 'yan bautar ƙasa suke numfashi, musamman a lissafi da kimiyya. In Allah ya kawo mai himma, sai ka ga yara na yawo a bola suna tsintar matattun rediyo da batir da kwali. A haɗa fanka, a haɗa mota mai tafiya da kanta, a haɗa fitila. Mu kuma mu ce kofan nan ya mai da mana 'ya'ya 'yan jari-bola. In shekararsa ta cika ya ɗauki jakarsa, ƙungiya ta bi shi tasha. A jira wani. Yanzu ma da hanyoyi suka lalace da rashin tsaro, ba kowane kofa ke yarda ya kwana a ƙauye ba. Amma ku duba mai gyaran wayar da ke bakin kasuwa, da yaron da ke haɗa mana sola a masallaci. Ku tambaye su inda suka fara riƙe waya da ƙarfen liƙi. Ba a ɗakin gwaje-gwaje ba ne, don namu ɗakin gwajin tun da aka gina shi jarabawa kawai ake rubutawa a ciki.

Sai 'yan wasan kwaikwayo, waɗanda muke tsine wa da rana mu yi rububin kallonsu da yamma. Ranar rabon kyaututtuka su ne ke rufe taro. Da yake ba ma barin 'ya'yanmu mata su fito, sai a samo wani ƙaton yaro mai gemu-gemu a ɗaura masa zani da kallabi, ya fito yana rangwaɗa yana murguɗa baki, fili ya kaure. Su kwaikwayi firinsifal da yadda yake gyara tabarau, su kwaikwayi uban da ya cire 'yarsa daga aji ya aurar, su kwaikwayi ɗan siyasar da ke zuwa da buhun alƙawari. Kowa ya gane wanda ake nufi, har shi wanda ake nufin, yana cikin rumfa yana dariyar yaƙe. Malam Aminu Kano tun yana koyarwa a Midil ta Bauci da irin wannan yake faɗa wa masu mulki abin da ba a faɗa a fada. Littattafan da aka karanta a aji, irin su Uwar Gulma da Jatau Na Kyallu da Kulɓa Na Ɓarna, don a taka su a dandali aka rubuta su. Finafinan Hausa da muke kashe cajin waya a kansu, daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo suka tsiro. Tumbin Giwa ta Kano ce ta yi Turmin Danya a 1990. Muna son kallo, ba ma son a ce ɗanmu ne a ciki.

'Yan fareti su ne 'yan gatan gari na kwana biyu a shekara, ranar yara ta 27 ga Mayu da ranar 'yancin kai ta 1 ga Oktoba. Sikawut da Man O' War da 'yan Red Cross, a loda su a bayan a-kori-kura a kai su hedikwatar ƙaramar hukuma, su jera da makarantun cikin gari masu fararen safa da ganguna sababbi. Tamu gangar tun tuni fatarta ta fashe, da jarka ake atisaye. Duk da haka in suka ciwo na biyu ko na uku, motar tun daga bakin gari take hon, mu fito muna cewa "yaranmu". Kuma ranar sallar idi ko jana'izar babban mutum, su waye ke tsare layi da gyara wa mutane hanya? Ranar da babur ya kaɗe yaro a bakin kasuwa, mu manya salati muka tsaya yi, wata 'yar aji biyar ce ta yage gefen ɗankwalinta ta ɗaure ciwon ta ce a ɗaga ƙafar sama.

Ƙwallo kuwa kada ma a fara. Garin nan akwai gidan kallo har biyu. Mutum zai biya kuɗi ya zauna a benci ya yi ta rantsuwa a kan Arsenal da Madrid da Barcelona, ya san albashin ɗan wasan da bai san da zamansa a duniya ba, har gaba ake yi a kan haka. Makarantarmu kuma ƙwallonta ɗaya, ta sha faci har ba a gane asalin launinta. Turakun raga na darbejiya ne, gara ta ci gindinsu. Rabin filin ma wani ya shigo da kunyarsa ciki, yana cewa iyakar kakansa ce. In an zo gasar kofin makarantu ta shiyya, sai an bi gida-gida neman kuɗin mota. Amma in an ga Ahmed Musa a talabijin, sai ka ji ana cewa yaranmu ma da za su samu dama da sun fi haka. Wace dama? Kofin Ramat da ake bugawa a Kano ba daga sama ake faɗowa cikinsa ba, daga irin wannan filin ake tafiya. Ko langa da muke ganin wasan gayauna ce, tana cikin gasar wasanni ta ƙasa tare da dambe da kokawa, ana ba da lambar zinariya a kanta. Yaranmu da suka iya ta tun suna tsirara, ba wanda ya taɓa gaya musu.

Duk wannan zancen maza ne. 'Yan mata nasu ya fi wuya. Yarinya in ta dawo, ga tulu, ga wanke-wanke, ga farantin talla na jiran ta, ga Islamiyya da la'asar. In ta ce za ta tsaya kacici-kacici, sai inna ta ce, "Wa zai kai min awarar?" In ta ce za ta yi gudu, ko da dogon wando da hijabi ne, sai an yi taron dangi. Sannan mu ne in matarmu ta tashi haihuwa muke cewa lallai sai mace ce za ta duba ta. To macen daga ina za ta fito? Wadda za ta shiga makarantar ungozoma ko ta kiwon lafiya sai ta ci jarabawa, sai kuma ta iya buɗe baki ta amsa tambaya a gaban masu tantancewa. Wadda tun tana aji ɗaya ake ce mata ta sunkuyar da kai, ran nan ma sunkuyarwa za ta yi.

Kada dai a ce ban yi mana adalci ba. Muna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Da damina hannu ɗaya ma a gona dukiya ne, wanda bai yi noman farko a kan lokaci ba ya san abin da zai gaya wa rumbunsa. Yaron da ya taho daga ƙauye mai nisa da kokon safe kawai a cikinsa, in ka ce ya tsaya har la'asar ka zalunce shi. Tun abin da ya faru a Ƙanƙara a ƙarshen 2020, da Kagara da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, babu uban da hankalinsa ke kwanciya in rana ta karkata ɗansa bai shigo ba, balle makarantar da ke bayan gari ba katanga. Malamin ma da muke zargi, albashinsa nawa ne da zai tsaya ya rasa motar gida? Firinsifal kuma yana tsaka mai wuya: an ce ilimi kyauta ne kada ya karɓi ko kwabo, abin da ake turo masa kuma ko alli bai isa ba, balle ƙwallo.

Sai dai in an duba, abin da ake buƙata bai kai yadda muke zuzuta shi ba. Ba sai an jira gwamna ba. Makarantu da dama sun ware awa ɗaya a ranar Laraba kafin a tashi, kowa ya tafi ƙungiyarsa, ba wanda ya kai yamma. Wasannin fili a tura su bayan kaka, lokacin da amfani ya shigo gida, hunturu ya busar da fili. Sauran kuma duk muna da su a cikin gari. Ga tsohon soja yana zaune a gindin bishiya yana ba mu labarin Laberiya da Saliyo, wanda zai iya koya wa yara fareti har su fi na cikin gari. Ga malamar asibiti da za ta nuna musu ɗaurin ciwo. Ga makaɗin da zai ɗaure gangar nan da fatar akuya ɗaya. Ga mai walda, ga tela, ga malamin gona na ƙaramar hukuma. Ga tsofaffin ɗalibai da suka buɗe zaure a WhatsApp, kullum ana tura gaisuwar Juma'a da hoton fure. Makarantu irin su Barewa da Rumfa tsofaffin ɗalibansu ne ke tallafa musu. Namu ba su da ministoci, amma ƙwallo biyu da kuɗin man babur na malami ɗaya ba sai minista ba.

Wannan maganar an yi ta a majalisa daren Juma'ar da ta wuce, kuma abin mamaki ba wanda ya tashi. Tsohon soja ya ce shi a shirye yake, in dai za a jure masa tsawa. Tela ya ce zai ɗinka riguna, a kawo yadi kawai. Mai walda ya ce a samo bututu. Mai kunyar da ta shiga fili ya ce shi fa a bar tarihi ya huta, amma zai duba. Aka ce to kowane magidanci ya kawo mudu ɗaya na abin da ya noma in an yi girbi, a sayar a zuba a asusu. Kowa ya ce madalla. Sai mai shayi, yana juya kofi, ya yi tambayar da ke kashe kowace ƙungiya a garin nan:

"To, wa zai riƙe kuɗin?"

Aka dubi Alhaji, aka tuna kuɗin taki. Aka dubi wakilin kansila, aka tuna kuɗin gyaran kwalbati. Aka dubi ni, ni ma na dubi wani wajen. Can sai liman ya yi gyaran murya ya ce, "Yarinyar nan da ta riƙe asusun 'yan mata a makaranta, 'yar gidan wa ce?"

Ubanta na zaune a wurin. Shi ne wanda a bara ya je har ofishin firinsifal ya ce a cire masa 'ya daga harkar ƙungiya, tana ɓata lokaci. Ya gyara zama ya ce, "Allah gafarta Malam, ai tawa ce. Tarbiyya ce tun daga gida."